Kada a Lulluɓe Kotso da Bargo

Wani abokina likita a Gusau ya kira ni ranar wata Asabar da la'asar, ya ce in zo in ji abin da kunnena bai taɓa ji ba. Na tarar da shi durƙushe a falo gaban wata sabuwar amfilifaya, kwalabe huɗu manya da wasu ƙanana suna ci jajir a bisanta kamar garwashin mai shayi. Wata biyar ya yi yana tara kuɗinta, ta yi wata biyu a hanya. Ya ce a intanet ya karanta cewa masu sauraron kiɗan Turai na dauri, irin na su Beethoven da Mozart, ba sa yarda da kowace amfilifaya sai mai “ɗumi”. Tunda kuwa kiɗan fada shi ne namu na dauri, a ganinsa Musa Ɗanƙwairo ma ya cancanci a ji shi da ɗumi.

Ya ɗauko waya, ya lalubo waƙar Ɗanƙwairo ta Yandoton Tsafe da aka turo masa a wani zauren WhatsApp, ya saki. Sauti ya cika ɗaki, mai kauri, mai laushi, ba inda yake sukan kunne. Abokina ya lumshe ido. Kawunsa, wani dattijo da ya zo daga Tsafe ganin likita, yana zaune bisa darduma yana jan carbi. Ya saurara jim kaɗan, sannan ya ɗago ya ce, “Likita, wanga Musa na kuwa? Ni dai ji nikai kamar an saka shi ruhewa an liƙe baki.”

Tun ranar nake ɗauke da maganar dattijon nan, domin ita ce hukunci mafi adalci da na taɓa ji an yanke wa na'urar sauti. Abokina ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Waƙoƙin Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru, da Ibrahim Narambaɗa da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗa, da Salihu Jankiɗi haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, su ne manyan ayyukanmu na kiɗa, kuma sun cancanci a zauna a saurare su da natsuwa da na'ura ta ƙwarai. A ɗaya rabin ne ya yi ɓatan kai. Ɗumin da ake sayar wa mutane da tsada magani ne na wata cuta da faya-fayen Turawa ke fama da ita, mu kuwa kishiyarta ke damun namu. Wanda ya ɗora wannan ɗumi a kan kiɗan fadar Zamfara ya lulluɓe mai zazzaɓi da bargo a tsakiyar bazara.

Kafin a ce na cika baki, bari mu buɗe cikin kalmar mu ga abin da ke ciki. Aikin amfilifaya ɗaya ne tak: ta karɓi ɗan raunin sautin da ya fito daga waya ko rikoda ko faifai, ta ƙara masa ƙarfin da zai iya motsa lasifika. Wadda ta iya aikinta ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Saboda haka duk amfilifayar da aka ce tana da wata murya tata ta kanta, to wani abu take canzawa, kuma injiniyoyi sun daɗe da sanin ko mene ne.

Sauti kaɗawar iska ne. Idan tsirkiyar goge tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, amfilifaya mai kwalabe takan ƙara ɗan wani sauti na kanta mai kaɗawa sau 440, wato ninki biyu. Kunne ba ya jin wannan a matsayin ɓarna, domin sauti ne guda a mataki na sama, kamar yaro ya bi muryar babba a kan kari ɗaya. Sai muryar ta ji kamar ta ƙara jiki. Bayan wannan, da yawa daga irin waɗannan na'urori sukan ɗan dakushe siririn sauti na can sama, inda kaifi yake. Sannan ba sa riƙe lasifika da ƙarfi kamar yadda taransista ke yi, sai sautin ƙasa ya ɗan saki jiki, ya yi tumbi. Haɗuwar waɗannan abubuwa ita ake kira ɗumi. Ba aljani a cikin kwalbar.

An ma gwada wannan a bainar jama'a. A 1985 wani injiniya ɗan Amurka, Bob Carver, ya ƙalubalanci mujallar Stereophile cewa su kawo duk amfilifayar da suke takama da ita, zai sa tasa mai taransista, mai araha, ta yi sauti irin nata. Suka kawo wata mai kwalabe ta kamfanin Conrad-Johnson. Ya yi 'yan kwanaki yana daidaita tasa, daga ƙarshe editocin da suke rantsuwa da kunnuwansu suka kasa bambance su. A 1987 kuma mujallar Stereo Review ta zaunar da masu sauraro, ta ɓoye musu ko wace na'ura ke aiki, ta daidaita ƙarfin sauti, ta haɗa amfilifayar Pioneer ta wajen dala 200 da wasu da suka haura dala dubu goma. Sakamakon bai wuce na mai canki-canki ba. Har yau masu sayar da kayan tsada suna jin haushin waɗannan gwaje-gwaje, kuma suna da hujjojinsu na suka, amma ba su taɓa kawo wani gwaji na rufe ido da ya rushe darasin ba: matuƙar amfilifaya biyu ba sa murɗa sauti kuma ba a tura su fiye da ƙarfinsu ba, bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai, idan ma akwai.

To me ya sa mai sauraron Beethoven yake neman ɗumi? Yana da dalilinsa, kuma ban raina shi ba. Ƙungiyar makaɗan Turai takan kai mutum tamanin, kusan talatin daga cikinsu masu gogen biyolin ne. A babban zaure irin Musikverein na birnin Biyana, wanda aka buɗe a 1870, bango da katako da jikin jama'a da tazarar da ke tsakani sukan shanye kaifin gogen kafin ya iso kunne. Amma mai ɗaukar sauti yakan rataya makirfo dab da makaɗa, ya kwaso kaifin nan ɗanye. Da faifan CD ya fito a 1982, sai ya riƙa isar da duk abin da aka ɗauka har sautin da ke kaɗawa sau dubu ashirin a daƙiƙa, iyakar jin ɗan Adam, ba tare da rage ko ƙwayar zarra ba. Mutane da yawa suka koka cewa faya-fayen farko suna sukan kunne. Mai irin wannan faifai, a ƙaramin ɗaki mai tagogin gilashi, idan ya nemi abin da zai dakushe kaifin kaɗan, ba a ce ya yi wauta ba. Kaifi ya yi masa yawa.

Yanzu a dubi hanyar da waƙar Ɗanƙwairo ta biyo kafin ta iso wayar abokina. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Jankiɗi tun 1973, Narambaɗa kuwa ya riga su duka. Abin da ya rage mana na muryoyinsu an ɗauke shi ne a gidajen rediyo, ko a fada, ko a filin biki, sau da yawa da makirfo guda a tsakiyar makaɗa. Wani kason ma daga akwatin rediyo aka naɗe shi, lokacin da Rediyon Kaduna ko Rima ta Sakkwato ke sa shi. Tashar matsakaicin zango kuwa ba ta isar da sautin da ya wuce kaɗawa wajen dubu huɗu da ɗari biyar, saboda tazarar da aka ware wa kowace tasha. Daga nan aka juye a kaset, wanda zarensa ke tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa. Mai shago ya juya daga wannan kaset zuwa wancan, wani ya aro ya sake juyawa, kuma kowane juyi yana cin siririn sauti yana ƙara huci. Sai zamanin memori ya zo, masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa suka mayar da su MP3 a mafi ƙanƙantar girma domin kati ɗaya ya ɗauki ɗaruruwa. A ƙarshe wani ya kunna a mota, ya naɗa da waya a matsayin saƙon murya, ya jefa a zaure.

A kowace tasha ta wannan doguwar tafiya abu guda ake sacewa: kaifi. Waƙar ta iso da kauri fiye da kima, ta riga ta dakushe, ta riga ta yi tumbi. Sai mu kuma mu fitar da kuɗin fili mu sayo na'urar da sana'arta ita ce ƙara kauri da dakushe kaifi.

Wani zai ce to sai me, ai daɗin kunne ake nema. A nan ne nake ganin akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Kiɗan Beethoven mafi yawansa ba magana a ciki, idan siririn sauti ya ɗan ragu kari bai ɓace ba. Kiɗan fada kuwa magana ce zalla, kotso da taushi rakiya suke yi mata. Dukiyar tana cikin kalmomi: salsalar sarakuna, kirari, habaici, zambon da aka rufe da hikima ta yadda sai mai kunne zai gane wanda ake nufi. Kuma abin da ke bambanta baƙi da baƙi a magana yana zaune ne a tsakanin kaɗawa dubu biyu zuwa dubu huɗu da abin da ya ɗara. Wasali yana da ƙarfi, yana tsira ko a rubabben kaset. Baƙi shi ne mai rauni. Bambancin k da ƙ, ko s da ts, ɗan ƙyas ne na ƙiftawar ido, kuma shi ne farkon abin da ke mutuwa idan aka dakushe sauti. Ga shi kuma waƙoƙin da Hausar yamma aka yi su, ta Zamfara da Gobir da Sakkwato, cike da tsofaffin kalmomin yaƙi da sarauta da noma waɗanda ɗan shekara talatin da ya tashi a Abuja ko Kaduna bai taɓa ji a bakin kowa ba. Dattijon Tsafe zai iya cike giɓin da ƙwaƙwalwarsa domin ya san abin da aka faɗa. 'Ya'yan abokina ba su da wannan ajiya. Abin da lasifika ba ta furta ba, a wurinsu ba a faɗe shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rubuta baitocin Bakandamiyar Narambaɗa a Facebook, kowa da irin tasa kalmar a gurbi ɗaya, ya ga abin da nake nufi. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da shekaru suna bin makaɗa da iyalansu suna tantance matanin waƙoƙi, mu kuwa muna biyan kuɗi domin a sake dagula su a falonmu.

Akwai kuma wata illa da masu tallan ɗumi ba sa ambata. Murɗiyar da ke haifar da ninkin nan mai daɗi tana da daɗi ne idan sauti ɗaya ke tafiya, murya guda ko sarewa guda. Idan sautuka da yawa suka shiga tare, murɗiyar nan ɗin takan haɗa su aure, ta haifi wasu sautuka na jimla da na ragi waɗanda ba su da dangantaka da kari. Kunne yana jin su a matsayin laka. Wa ya fi Ɗanƙwairo tara muryoyi? Abin da ya ɗaukaka ƙungiyarsa shi ne yadda yake miƙa zance 'yan amshi su cafe kafin ya dire, wasu su ƙara, wasu su tarbe, sanƙira yana ratsawa da kirari, kotsanni suna tafe a ƙarƙashi. Daɗin yana cikin jin kowace murya a gurbinta, da jin inda jagora ya saki da inda aka karɓa. Na'urar da ta narkar da su wuri guda ta mayar da saƙa ta zama dunƙulen zare. Abin da kawun likita ya ji ke nan ya ambaci ruhewa.

Kada masu ɗaya ɓangaren su yi murna, domin nasu laifin ya fi yawa a gari. Su ne masu akwatunan nan da ake jerawa a shagunan kayan lantarki daga Gusau har Tsafe, masu fitilu kore da shuɗi, an manna musu takarda an rubuta wat dubu biyar, an bi da haruffan PMPO. Wannan lamba ba ta da ma'aunin da kowa ya yarda da shi, abin da mai kamfani ya ga dama yake bugawa. Akwatin da ke jan wat arba'in daga bango ba zai fitar da dubu biyar ba ko da kuwa an yi masa tofi. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, saboda irin wannan ƙarya. Waɗannan akwatuna an gina su ne su girgiza ƙirji da gurnani, su yi tsiwa a can sama, su bar tsakiya a rame. Tsakiyar nan kuwa nan murya take, nan kotso yake, nan kalangun Shata yake bin hawa da saukar magana. Ga rawar biki sun isa. Ga Sa'idu Faru, kashe shi suke yi da ransa.

Sai maganar da ba za ka taɓa gani a mujallun Ingila ba, wato zafi da wuta. Kwalba ba ta aiki sai ta yi ja. Kowace kwalbar EL34, irin waɗanda ke kan na'urar abokina, tana cin kusan wat tara da rabi don dumama kanta kawai, huɗu sun tashi wat 38 tun ba a fara kiɗa ba, kuma jimlar abin da irin wannan amfilifaya ke ja tana zaune shiru yakan haura wat ɗari. Kusan duka zafi yake zama. A Landan cikin Disamba wannan alheri ne. A Gusau cikin Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, murhu ka kunna a ɗaki. Mu kuma yawancinmu da sola da batir muke kwana, kowane wat a lissafe yake, tsakanin fanka da firji da fitilar karatun yara. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi, takan sa babbar taransifomar da ke ciki ta riƙa gunji. Wutar nefa idan ta zo da hauka takan rage wa kwalabe kwana. Su kansu kwalaben ƙarewa suke yi bayan 'yan dubban sa'o'i, kuma masana'antun da suka rage suna yin su ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da suka yi wuya a duniya baki ɗaya, farashinsu ya yi tsalle. A cikin na'urar kuma akwai wutar da ta haura bolt 400, wadda kan maƙale ko bayan an kashe. Ina tausayin yaron shagon gyaran da za a kai wa ita bai taɓa buɗe irinta ba. Ƙurar hunturu ban ma sa ta a lissafi ba.

Me mutum zai saya ke nan? Amsar ba ta da ƙayatarwa, shi ya sa ba a tallata ta. Amfilifaya mai taransista, mai tsabtar sauti, mai wat talatin zuwa sittin na gaskiya a kowane ɓangare, ta wadatar da kowane falo. Lissafin wat yana ruɗin mutane: ninka ƙarfi sau biyu desibel uku kawai yake ƙarawa, sai an ninka sau goma kunne ke jin sauti ya ninka. Lasifikar da ke ba da desibel 88 da wat ɗaya ta riga ta fi ƙarfin hirar ɗaki nesa ba kusa ba. NAD 3020, wadda ta fito a 1978 ta zama ɗaya daga cikin amfilifayoyin da aka fi saye a tarihi, wat ashirin aka rubuta mata. Mai zaune kan sola ya nemi sabbin nan da ake kira aji D, waɗanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci zuwa sauti, ba sa ko ɗaukar zafi. Mai son tsofaffin Yamaha da Sansui da Marantz na gwanjo ya duba bayansu tukuna, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan wutar 100 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, kuma kuskure ɗaya ya isa.

Abin da zan nace a kai shi ne maɓallan daidaita kauri da kaifi. Masu tsananin aƙidar sauti sun daɗe suna raina su, har kamfanoni masu tsada suka cire su suna alfahari. A wurinmu su ne rabin amfanin na'urar. Tsarin da kusan kowa ke bi wani injiniya Baturen Ingila, Peter Baxandall, ya wallafa shi tun 1952. Faya-fayenmu ba su da hali ɗaya: wannan kaset ya dakushe yana son a ɗaga masa kaifi, wancan huci ya yi masa yawa yana son a sauke, wani kuma an ɗauke shi makirfo na jikin ganga sai an rage kauri murya ta fito. Ga wanda yake son ɗumi, ga shi nan a yatsunsa: ya sauke kaifi kaɗan, ya ɗaga kauri kaɗan. Bambancin shi ne wannan ɗumin ana iya cire shi idan waƙa ta gaba ba ta so. Na cikin kwalba kuwa an ɗaura aure ke nan. Idan da maɓallin da ke haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya, ƙari ne, domin tsofaffin ɗaukan nan kusan duka ta hanya guda aka yi su. Haka ma maɓallin da ke cike sauti idan an rage murya da dare. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne yana rasa sautin ƙasa idan ƙarfi ya ragu, wannan maɓalli gyaran hakan yake yi.

Mafi yawan kuɗin kuma a kai su ga lasifika, domin ita ce ke da murya da gaske. Bambancin lasifika biyu ko kurma ya kusa ji. A nemi wadda ke fitar da muryar mutum kamar mutum. Falonmu na yau, tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai ƙyalli, amsa-kuwwa yake yi kamar banɗakin masallaci, kuma darduma mai kauri da labule sun fi canjin amfilifaya tasiri nesa. Idan za ka gwada kaya a shago, tafi da waƙar da ka sani, ka sa a daidaita ƙarfin sautin na'urorin biyu, domin kunne kullum yana zaɓar wadda ta ɗan fi ƙara ya ce ta fi kyau, kuma masu shago sun san haka. Ka juya baya kada ka ga wadda aka kunna. In da hali ka tafi da dattijo. Tambaya ɗaya za ka yi masa: Baba, ka ji abin da suka ce?

Duk da haka, wanda ya tsaya a kan na'ura ya bar jaki yana dukan taiki. Ba amfilifayar da za ta dawo da abin da aka zubar a hanya. Kuɗin da ƙwararrunmu, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, suke shirin kashewa a kan kwalabe, da za su karkatar da rubu'insa ga neman tushe da an ga aiki. A gidajen Gusau da Bunguɗu da Kwatarkwashi da Tsafe akwai akwatuna da kwalaye cike da kaset na iyaye, wasu juyi na farko ne, wasu ma a gaban makaɗin aka naɗe su ranar wani naɗi ko aure, babu kwafinsu a ko'ina. Zafi yana cin zaren kaset kowace shekara. Abin da ake buƙata kaɗan ne: rikoda mai lafiya, a goge kanta, a haɗa da kwamfuta, a juye a tsarin da ba ya matse sauti, WAV ko FLAC, a rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar da inda aka samo. Akwai ma wani ɗan sirri da tsofaffin masu gyaran rediyo suka sani. A gefen kan da ke karanta zaren akwai ɗan ƙaramin noti, idan aka juya shi a hankali kaset na tafiya, za a kai wani gurbi inda kan ya daidaita da yadda aka naɗi zaren tun asali, sai kaifi ya buɗe kamar an ɗaga labule. Juyin noti na rabin zagaye yakan yi abin da amfilifayar miliyan ba za ta yi ba.

Wanda yake ganin intanet ta riga ta adana mana komai ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi a Gusau, wasu ƙananan hukumomin suka fi haka daɗewa. Mai dogaro da YouTube ya zauna shiru. Abin da ke kan YouTube ɗin ma, mafi yawansa jikan jikan kaset ne da aka matse. Kuma ƙauyukan da mutane ke gudu suna bari a wannan yanki, ba wanda ke tsayawa ɗaukar kwalin kaset.

Na san amsar da za a ba ni, domin abokina ya riga ya ba ni ita: kunnena ne, kuɗina ne. Haka ne. Wanda jan kwalabe cikin duhu ke faranta wa rai, ya saya, abin sha'awa ne kamar doki ko tsohuwar Marsandi, kuma ga muryar mutum ɗaya da kuntigi, irin na Ɗanmaraya, tana iya yin daɗi ƙwarai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira wannan girmama kiɗan fada. Ra'ayi ne da aka aro daga mutanen da matsalarsu daban take da tamu, aka saka shi ba a gwada ba, don kawai an ji sunansa da Turanci.

Mako biyu bayan waccan Asabar, kawun ya dawo ganin likita, ya zo da kaset uku a aljihun babbar riga, an ɗaure su da kyauro. Muka aro wata tsohuwar rikoda, muka haɗa ta da wata amfilifayar gwanjo da ke ajiye a ɗakin abokina tun yana ɗalibi, na sa ɗan sukundireba na juya notin nan har muryoyi suka rabu. Dattijon bai ce komai ba, sai muka ga ya ajiye carbi yana karɓa tare da 'yan amshi, yana tsayawa yana gaya mana ko wane ne ake wa zambo a wani ɗa, da abin da ya haɗa su. Abokina ya ɗauko takarda yana rubutawa. Ana tsakiyar waƙa ta biyu sai sauti ya yanke, muryar wani mai gabatar da shirin gaishe-gaishe ta shigo tana karanta sunayen mutanen Funtuwa. Wani yaro a gidan, shekaru da yawa da suka wuce, ya danna jan maɓalli a kan kaset ɗin. Minti goma sha ɗaya ya cinye, kuma dattijon ya ce bai san wani mai irin wannan ɗaukan ba.